Mene ne Bigan? Cin Tsiro Zalla da Tukunyar Gidajen Maraɗi

Duk mai kallon bidiyon girki a TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da kalmar nan, bigan, galibi a ƙarƙashin hoton kwano cike da ganye, da alkawarin cewa a cikin minti goma za a gama, kuma lafiya za ta zauna daram. Bigan shi ne mutumin da ya ɗaukar wa kansa cewa ba zai ci duk abin da ya fito daga jikin dabba ba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, ba cuku, har zuma ba ya sha tunda ƙudan zuma ne suka yi ta. Farar da ake soyawa da yaji a bakin kasuwa ma tana cikin abin da ya bari. Waɗanda suka tsananta ba sa sa takalmin fata, ba sa rataya jakar fata, abin da zai ba mutumin Maraɗi mamaki, mu da fatar jar akuyarmu ta kai sunan garinmu ƙasashen waje.

A Ingila abin ya samu suna, a watan Nuwamba na 1944, lokacin da wani mai suna Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Kafin nan akwai masu ƙin nama da kifi amma suna shan madara suna cin ƙwai. Su Watson suka ce wannan bai isa ba, domin saniyar da ake tatsa da kazar da ke ƙwai su ma a hannun mahauci suke ƙarewa. Har yau wannan bambancin yana nan, kuma mutane suna yawan haɗa su: wanda ya bar nama amma yana dama furarsa da nono ba bigan ba ne.

Dalilansu uku ne aka fi ji. Akwai tausayin dabbobi, musamman a ƙasashen da ake cusa dubban kaji a keji ba su taɓa taka ƙasa ba. Akwai batun muhalli, wato yawan ƙasa da ruwa da hatsin da kiwon masana'antu ke cinyewa. Sai kuma lafiya, wadda ita ce ta fi jan hankalin masu kallon waya a nan. Ta fuskar addini kuwa magana a fili take: Allah ya halatta mana nama da nono da zuma, muna layya, muna yankan suna. Wanda ya rage nama saboda jikinsa ko aljihunsa bai yi laifi ba, amma ba mai ikon kiran halal haram.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, mafi yawan abin da ake dafawa a gidajenmu daga Litinin zuwa Lahadi tsiro ne zalla, tun kafin mu ji wannan kalma. Tuwon hatsi da miyar kuka, wake da shinkafa da mai da yaji, ƙosai da koko, ɗanwake, alala, dambun zogale, kwaɗon rama ko na tafasa, kunun gyaɗa, kunun aya. Babu ko ɗaya da ke buƙatar dabba. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin wanda ya ƙoshi ya zaɓi barin nama, yana da likita da kantin da zai sayi abin cike giɓi, da gidan da naman ne ya bar su saboda tsada. Na farko zaɓi ne, na biyu rashi ne, kuma bai kamata a yi wa rashi kwalliya da sabon suna ba.

Duk da haka akwai abin ɗauka a wannan salo, kuma babba ne: girmama wake. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, amma buhunan da yawa suna tsallake Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, mu kuma muna kallon wake a matsayin abincin ranar da babu. A cikin gram 100 na busasshen wake akwai wajen gram 24 na sinadarin gina jiki, gyaɗa ma kusan haka, waken suya ya haura 35, hatsi kuwa wajen 11. Sannan abin da hatsi ya gaza a kansa wake yana da shi, abin da wake ya gaza hatsi yana da shi. Shi ya sa wake da shinkafa, ko ƙosai da kunu, ko tuwo da miyar wake, suke riƙe ciki kuma su gina jiki fiye da kowannensu shi kaɗai. Ba dole a haɗa su a kwano ɗaya ba, in an ci su a wuni ɗaya ya wadatar.

Saurin girki kuwa a shiri yake, ba a wuta ba. Uwargidan da ta jiƙa wake tun dare, ta zubar da ruwan da safe ta zuba sabo, za ta ga ya nuna da wuri, gawayi ko gas ya ragu, kumburin ciki ya yi sauƙi, kuma ba ta buƙatar zuba kanwa da yawa. Wadda ta kai wake inji sau ɗaya ta ajiye garin a mazubi mai murfi ta riga ta gama rabin aikin ɗanwake: garin wake, ɗan garin rogo, garin kuka, ruwan kanwa kaɗan, a kwaɓa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa, in sun taso sama a bar su su ƙara nuna, a tsame. Man gyaɗa, yaji, tumatir, albasa, kabeji in lokacinsa ne. Kafin yara su gama wanke hannu daga makaranta an sauke.

Kwaɗon zogale ya fi wannan sauri. Zogalen Jiratawa yana shigowa gari kusan kullum, wani ma dafaffe ake sayar da shi. A daka ƙuli-ƙuli, a dama da ruwa kaɗan, a zuba a kan ganyen, a yanka albasa da tumatir da tattasai, a matsa lemun tsami. Wanda yake so ya ƙoshi sosai ya barbaɗa garin rogo ko ya haɗa da dambu. Shawara ɗaya: kada a dafa ganyen har ya yi baƙi ya mutu, kuma in za a shanya shi don ajiya a shanya a inuwa, domin rana tana cinye wani ɓangare na amfaninsa.

Awara ita ce ta fi kama da abin da masu bigan na ƙasashen waje ke saye da tsada a kanti, alhali a nan yarinya ce ke soya ta a ƙofar gida. A jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami, ta dunƙule, a matse a ƙyalle, a yanka. Ba dole sai an soya ta ta shanye mai ba. In aka yanka ta ƙanana aka jefa a miyar gyaɗa ko miyar tumatir tana shan romon miyar, yara su ci da marmari.

Inda dabba ke ɓuya a tukunyarmu kuwa wuri kaɗan ne: man shanun da ake ɗigawa a miya, garin busasshen kifi, ƙashin da ake jefawa don ƙamshi, ƙwan da ake tsoma awara a ciki, da wasu dunƙulen ɗanɗano masu ɗanɗanon kaza ko jatan lande. Mai son kauce musu yana da daddawa, ta kalwa ko ta batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa. Ni a ganina ko ba don bigan ba, komawa ga daddawa da rage dunƙule alheri ne, domin dunƙulen galibinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce gram 5 na gishiri a wuni, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma hawan jini ya riga ya zama baƙon kusan kowane gida.

Akwai kuma batun jini. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Abin da ke taimaka masa shi ne tsami irin na lemu, tumatir ɗanye, gwaba, ko garin ƙwallon kuka, a ci tare da abincin. Abin da ke hana shi kuwa shayi ne. Maigidan da ake ɗora wa butar shayi da zarar an janye kwano, da mai cikin da ke kurɓar shayi kan abinci, su jinkirta shi da kamar awa ɗaya.

Yanzu ga wurin da masu bidiyon minti goma ba sa tsayawa, kuma shi ne ya fi damuna. Akwai bitamin da ake kira B12. Jiki yana buƙatarsa don yin jini da kiyaye jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma babu wani tsiro da za a dogara da shi a same shi. Ba zogale, ba daddawa, ba awara. A nama, hanta, kifi, ƙwai da nono yake. Masu bigan da suka san abin da suke yi ƙwayarsa suke sha, ko su ci abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta, kuma ita kanta ƙungiyar da aka kafa a 1944 tana gaya wa mabiyanta haka. Haɗarin abin shi ne ba ya bayyana da wuri. Hanta tana ajiye shi na shekaru, sai mutum ya yi ta murna jikinsa ya yi sakayau, daga baya kasala ta zo, tafin hannu da ƙafa su riƙa yin kamar ana tsira allura, mantuwa ta yi yawa. In jijiya ta lalace ba kullum take komawa daidai ba. Jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi kuwa ba shi da ajiyar da zai jira da ita.

Mu a Maraɗi ba sai an ba mu labarin tamowa ba. Mun ga 2005, mun ga layin iyaye mata da goyo a cibiyoyin kula da yara, kuma har yau in damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa gadajen suna cika. Ko abincin gyaɗar nan na leda da ake ba yaron da tamowa ta kama, ba gyaɗa da mai da sukari kaɗai ba ne, akwai garin madara a ciki, kuma da gangan aka sa. Don haka in wata ta ga bidiyo ta ce, "Yaya, ni fa na daina ba yarana ƙwai da nono, an ce tsiro ya fi lafiya," amsar da ta dace ita ce, "Ƙanwata, ƙara musu wake da zogale, amma ƙwan nan da nonon akuyar nan kada ki taɓa su." Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba jariri. Daga nan kunu mai kauri da aka haɗa hatsi da gyaɗa da waken suya, da ɗan mai, da ƙwai ko kifi ko hanta duk ranar da aka samu. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar tulin ganyen da zai ba shi abin da ƙwai ɗaya zai ba shi. Mai ciki da mai shayarwa su ma haka.

Ana kuma yawan liƙa wa kalmar bigan maganar magungunan gida, har a ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Ba haka ba ne. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, amma in aka cika shi da sukari an gyara gaba an ɓata baya, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Citta da lemun tsami a ruwan ɗumi suna sanyaya maƙogwaro lokacin hunturu, amma yaron da jikinsa ya yi zafi da damina gwajin zazzaɓin cizon sauro yake buƙata a ranar, ba jiƙo ba. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a tsince ta a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita don kada a yi asara, domin gubar da ke cikinta hanta take ci, kuma suya ba ta kashe ta. In gudawa ta kama yaro kuma ba a da ƙunshin gishirin asibiti a kusa, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, inda za a ƙara masa da ƙwayar zinki.

Babban da ke da ƙiba, ko ciwon sukari, ko hawan jini, wanda ya ga yana so ya gwada barin kayan dabba, ba abin da zai hana shi, kuma kasuwarmu ta wadace shi: wake, gyaɗa, riɗi, aya daga Cadawa da Agye, kabewa, yalo, kuɓewa, ganye iri-iri. Ya lura dai cewa farar shinkafa da taliya da lemun kwalba da fanke su ma babu dabba a cikinsu, kuma su ne suka fi yi wa mai ciwon sukari illa. Abin da ake nema shi ne kayan lambu da ƴaƴan itace su kai gram 400 a wuni, wake ko gyaɗa ko awara su shiga kowane babban abinci, gishirin ya zama wanda aka ƙara wa sinadarin aidin. In yana shan maganin sukari ko na hawan jini ya sanar da likitansa kafin ya sauya cima, domin awon maganin yana iya buƙatar gyara, kuma a wannan zaman ya tambaye shi ƙwayar B12 da yadda zai riƙa shan ta.