Littafin Aljanu da Dandamali: Daga Ina Gardamar Ta Faro?

Gardamar da ake yi a Maraɗi tsakanin malaman makaranta, iyaye da matasa masu karatu a waya ta tsaya a kan tambayoyi biyu: ko labaran aljanu da matsafa da jarumai masu takobin sihiri sun cancanci a kira su adabi, kuma ko ya dace ɗalibai su ɗora irinsu a dandamali ranar bikin ƙarshen shekara. Masu suka suna cewa shirme ne da ya shigo tare da intanet, ba ya koyar da komai, wani lokaci ma yana taɓa aƙida. Masu karewa suna cewa da ba domin waɗannan labarai ba, da yawancin yaran ba su taɓa karanta shafi goma na Hausa a jere ba. Ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya abin ya fara, alhali ya girmi duk masu gardamar.

Abin da ya faru a ƙasashen Turawa sananne ne. Littafin farko na Harry Potter ya fito a Ingila a 1997, a 2000 kuma manazarcin adabi Harold Bloom na Amurka ya rubuta cewa yawan masu saye ba hujjar inganci ba ce. Ba a daɗe ba littafin Philip Pullman, The Amber Spyglass, ya ci kyautar Whitbread ta gwarzon littafin shekarar 2001, karo na farko da littafin yara ya kai wannan matsayi, a 2003 kuma babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Landan ya mayar da jerin littattafan nasa wasa mai kashi biyu. Harry Potter ya hau dandamali a birnin a 2016.

Namu tarihin ma ba ɓoyayye ba ne. Gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu cike suke da aljanu da tafiye-tafiyen da hankali ba zai ɗauka ba. Magana Jari Ce, wanda aku ke ba da labaransa, domin 'yan makaranta aka rubuta shi. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Kilba sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Da yake makarantun Nijar da Faransanci suke koyarwa, kuma sai a 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, waɗannan littattafai sun iso Maraɗi ne a kayan 'yan kasuwa ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, ana karanta su a zaure da shago. Yau su ne ake kafa hujja da su idan ana maganar ingantacciyar Hausa, kuma ba a jin wanda ya ce aljanun cikinsu sun rage musu daraja.

Wurin da labarin ya karkata, wanda ba a cika waiwayarsa ba, shi ne dandamalin Samariya. A tsakiyar shekarun 1970 aka farfaɗo da ƙungiyoyin samari a unguwanni da ƙauyukan Nijar, daga 1976 kuma aka fara bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan biranen jihohi, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta yi nasara a matakin ƙasa da shi, saboda haka kowace unguwa ta samu 'yan wasanta, ga rediyo da talabijin suna yaɗa abin da aka yi. Zamani ne na albarka ga teyatur ɗin Hausa, shi ya ɗaukaka gwanaye irin su Yazi Dogo, kuma har yau dattawa suna iya maimaita barkwancin da suka ji a lokacin.

Sai dai zamanin ya bar gado biyu da suka shafi gardamar yau kai tsaye. Na farko shi ne ma'auni. Wasan da ake so shi ne mai wayar da kai: illar auren dole, tsadar aure, tafiya cin rani, almubazzaranci a biki, amfanin kai mara lafiya likita. Da an tashi daga kallo, tambayar da ke bakin alƙalin gasa da ɗan kallo ɗaya ce, wato mene ne saƙonsa. A irin wannan wasa, idan boka ya fito da ƙwaryarsa da layunsa, galibi mayaudari ne da za a tona wa asiri kafin a rufe labule, domin darasin ya fita sarai. Gizo da Ƙoƙi da Dodo, waɗanda ba su ɗauke da saƙo guda da za a iya faɗa cikin jimla ɗaya, suka koma wajen kaka da dare. Yaran da suka taso suna kallon wannan dandamali su ne iyaye da malaman yau, kuma da wannan ma'aunin suke auna littafin da ke cikin wayar 'ya'yansu. Bayan Samariya ta ja baya, aikin faɗakarwa kan rigakafi da tsafta da karatun 'ya'ya mata ya zama babbar hanyar da ɗan wasa ke samun na cefane, sai ma'aunin ya ƙara kafuwa.

Gado na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, 'yan wasan ba su dogara da rubutaccen wasa ba. Ana zama a amince da jigo, a yanka shi fitowa-fitowa, a raba matsayi, sannan kowa ya ƙirƙiro maganarsa a wajen gwaji har ta zauna. Wannan hanya ta dace da labarin gida da kasuwa, inda kowa ya san yadda uwar miji ko dillali ke magana. Ba ta isa ga labarin da ke da duniyarsa da dokokinta ba, inda dole a san tun farko abin da zoben sihiri zai iya da abin da ba zai iya ba, in ba haka ba labarin ya watse a hannun 'yan wasa. A Najeriya an samu Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da Shaihu Umar rubutaccen wasa a 1975, amma a wannan ɓangaren iyaka sana'ar ɗauko littafi a gina masa wasa ba ta yi saiwa ba. Ko littafin Sarauniya na Abdoulaye Mamani, mai cike da tsafi da yaƙi, ta fim ɗin Med Hondo na 1986 duniya ta fi saninsa.

Shi ya sa idan aka ce littattafan yaƙi da aljanu da suka biyo bayan adabin kasuwar Kano, waɗanda yanzu ake saurare a YouTube ana turawa ta WhatsApp, ba su da daraja, ba a cika buɗe su an duba ba. Da yawansu rubutun gaggawa ne: jarumi ba ya jin ciwo, kowane babi yaƙi ne irin na baya, sihiri kuma yana zuwa duk lokacin da marubuci ya rasa mafita. Wasu kuwa suna da Hausa mai nauyi da kirari da tsarin da ke riƙe mai karatu har ƙarshe. Tambayar saƙo ba ta iya raba waɗannan da waɗancan, domin mafi raunin cikinsu ma yakan ƙare da cewa gaskiya ta yi halinta.

Malamin da ya yi niyyar ɗora irin wannan labari a dandamalin makaranta zai tarar da aikin tun daga tushe: shi zai rubuta wasan, shi zai yanke shawarar yadda aljani zai bayyana ba tare da 'yan kallo sun fashe da dariya ba. A Landan da 'yan tsana aka nuna dabbobin da ke rakiyar mutanen cikin labarin Pullman. A nan akwai 'yan dabo masu wasa da 'yan tsana, akwai yaran tashe da ke zama tsoho da gemun auduga cikin azumi, akwai farin zane da fitila a bayansa domin inuwa. Kafin ya kai ga gwada ko ɗaya, sai ya fara amsa wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye abin da wasan zai koya wa yara.