Kamun ƙafar ƙungiyoyin masu gidaje da filaye kan tsara birane

Kamun ƙafar masu harkar gidaje da filaye shi ne aikin da ƙungiyoyin kamfanonin gine-gine, masu manyan benaye na haya, dillalai da masu zuba jari suke yi don su karkato da gwamnati kan yadda za a tsara birni, wato ina za a yi gini, hawa nawa, ina titi zai bi, kuma wa zai biya kuɗin titin. Galibin wannan aiki ba a babban birnin ƙasa ake yinsa ba, a matakin jiha ne da ƙaramar hukuma, saboda a ƙasashe da yawa can ne ake ba da izinin gini, can ake zana taswirar gari, shi ya sa za ka ga ƙungiya ɗaya tana da reshe a kowace jiha kuma kowane reshe da nasa shugaban da nasa kuka.

Misalan irinsu suna da yawa. A Ostareliya akwai Property Council of Australia wadda aka kafa a 1969 da wani suna daban, ta koma wannan sunan a 1996, tana da rassa a jihohin ƙasar. A Niyok akwai Real Estate Board of New York tun 1896, a Birtaniya an kafa British Property Federation a 1963, sai ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka da aka kafa a Shikago a 1908 wadda yau tana cikin masu kashe kuɗi mafi yawa wajen kamun ƙafa a ƙasar baki ɗaya.

Asali

Mutane da yawa suna ɗauka masu gini kullum gaba suke yi da dokar tsara gari, to ba haka abin ya fara ba fa. Dokar da ta raba Niyok shiyya-shiyya a 1916, wadda ita ce cikakkiya ta farko a Amurka, masu dukiya ne da kansu suka matsa a yi ta. Wani bene mai suna Equitable da aka gama a 1915, kusan hawa 40, ya miƙe sak daga bakin titi ya tare wa maƙwabtansa rana da iska, darajar ofisoshinsu ta shiga haɗari, su kuma 'yan kasuwar manyan shagunan titin Fifth Avenue suna ta ƙorafi kan masana'antun ɗinki da ke matsowa kusa da su. Kenan tun farko doka abar so ce in za ta kare darajar abin da ka riga ka mallaka, abar ƙi ce in za ta hana ka gina sabo. Wannan rabuwar har yau tana nan a cikin ƙungiyoyin, mai tsohon bene da mai neman fili ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba, ko da suna biyan kuɗin mamba a ofis ɗaya.

Yadda suke aikin

Ba wani sirri ba ne sosai. Gwamnati za ta fitar da daftarin tsarin birni ta ce jama'a su kawo ra'ayi cikin 'yan makonni, talaka mai haya ba shi da lokacin karanta shafi ɗari uku, amma ƙungiya tana da lauyoyi da masana tattali da masu tsara gari da take biya albashi don wannan kawai. Sai ta kawo takarda mai ɗauke da tebur, kuɗin fili kaza, kuɗin gini kaza, ruwan banki kaza, haraji da kuɗaɗen hukuma kaza, a ƙasa a ja layi a nuna cewa in aka ƙara ko kaɗan aikin ba zai fita ba, kuma lambar ƙarshen nan ita za ka ji a rediyo washegari. Ban da haka akwai takardar buƙatu kafin a gabatar da kasafi, liyafar cin abinci da ake gayyatar minista ya yi jawabi, kujeru a kwamitocin ba da shawara, da kamfe a jaridu lokacin zaɓe.

Buƙatun ma kusan iri ɗaya ne ko'ina, a rage jiran izini, a saki ƙarin fili a gefen gari, a bari a ƙara hawa kusa da tashoshin jirgi, a rage harajin saye da sayarwa, gwamnati ta kai ruwa da wuta da magudana kafin gini ya iso.

Wa zai biya

Nan ne asalin rigimar take. Gona ce a bayan gari ana noma, ranar da hukuma ta sa hannu ta ce yanzu wurin zama ne, ko ta ja layin dogo ta gefenta, darajarta na iya ninkawa sau da yawa alhali mai ita ko bulo ɗaya bai aza ba. Kuɗin jama'a ne suka yi titin, ribar ta faɗa aljihun mutum ɗaya, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Gwamnatoci sun daɗe suna neman yadda za su ƙwato wani kaso. A Ingila akwai sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 inda mai gini ke yarjejeniya da ƙaramar hukuma zai ba da kuɗin makaranta ko titi ko ya ware gidaje masu sauƙin kuɗi, daga 2010 kuma aka ƙara wani kuɗin da ake lissafawa bisa faɗin ginin. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta fara karɓar haraji kan irin wannan riba ta sauya matsayin fili daga Yulin 2023, yana kai kashi 50 in ribar babba ce, kuma ƙungiyoyin masu gini sun yi ta adawa da shi. Hujjarsu kullum ita ce duk abin da aka ɗora musu mai sayen gida ne zai biya a ƙarshe. Masana tattali da yawa suna cewa ba haka kai tsaye ba, in an san kuɗin tun da wuri to mai gini zai taya filin da arha ne, wanda zai ji a jikinsa shi ne mai sayar da fili. Ni dai ina ganin hujja ta biyun ta fi ƙarfi, sai dai ga wanda ya riga ya sayi fili da tsada sannan aka canja doka, shi kam kukansa na gaskiya ne.

Amma fa ba kullum suke ƙin biya ba. A Landan 'yan kasuwa da masu benaye sun shafe shekaru suna matsa lamba a gina layin jirgin Crossrail, kuma daga 2010 aka ɗora ƙarin haraji a kan manyan gine-ginen kasuwanci don tara wajen fam biliyan 4 na aikin, layin ya buɗe a 2022 da sunan Elizabeth. Sun yarda ne don sun san me tashar jirgi ke yi wa kuɗin haya.

Suka da tabo

Inda suke da gaskiya shi ne dokokin da ke hana ƙara gidaje suna tsadar da muhalli. Birnin Oklan na Niyuzilan ya sassauta doka a kan wajen kashi uku cikin huɗu na filayen zama a 2016, kuma izinin gini ya ƙaru sosai bayan nan. Inda maganarsu ke da rauni shi ne cewa izini kaɗai ne matsalar. Binciken da ɗan majalisa Oliver Letwin ya yi wa gwamnatin Birtaniya a 2018 ya nuna cewa a manyan filaye kamfanoni suna gini ne daidai gwargwadon abin da kasuwa za ta saye ba tare da farashi ya faɗi ba, izini na hannu amma ana tafiya a hankali.

Akwai kuma tarihi mara daɗi. A Kalifoniya ƙungiyar dillalan jihar ce ta ja gaba a ƙuri'ar 1964 da ta soke dokar hana wariyar launin fata wajen sayar da gida ko haya, sai a 1967 kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da rushe sakamakon ƙuri'ar, ita kuma uwar ƙungiyar ta ƙasa ta yi adawa da dokar tarayya ta 1968 kan wannan batu, ba ta nemi afuwa a fili ba sai 2020. Batun kuɗin siyasa ma ya jawo matakai, jihar New South Wales ta Ostareliya ta haramta wa masu gine-gine ba 'yan siyasa gudummawa a 2009, wani mai gini ya kai ƙara, babbar kotun ƙasar ta tabbatar da haramcin a 2015, jihar Kwinslan ta bi sahu a 2018. Haramcin ya tsaya ne kan gudummawar kuɗi, miƙa takardun ra'ayi da ganawa da minista ba su shiga ciki ba.