Manhajojin gyaran sauti na shirin fodkas

Manhajar gyaran sauti ita ce abin da mai shirin fodkas ke komawa gare shi bayan ya gama naɗar murya, domin ya yanke inda aka yi tuntuɓen harshe, ya haɗa muryoyin masu magana, ya rage hayaniya, ya kuma daidaita ƙarfin sauti kafin ya ɗora shirin a intanet.

Wadda ta fi yaɗuwa a cikin na kyauta ita ce Audacity. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a 2000, kuma tun 2021 tana hannun kamfanin Muse Group. Tana aiki a kwamfuta mai Windows ko macOS ko Linux, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. A cikin na kuɗi akwai Adobe Audition, wadda asalinta Cool Edit Pro ce kafin Adobe ya saye ta a 2003, ana biyanta wata-wata. Reaper ta kamfanin Cockos sau ɗaya ake sayen lasisinta, sai dai koyonta na son haƙuri. Hindenburg kuwa an gina ta ne musamman domin 'yan jarida da ma'aikatan rediyo.

Irin hayaniyar da ke cikin muryar ce ya kamata ta yanke wa mutum wadda zai zaɓa, ba tsadar manhaja ba. Akwai hayaniya mai tsayawa wuri ɗaya: shuuu ɗin fanka, ƙugin firji, ko gunjin wutar lantarki da ke bin waya ya shiga makirufo. Wannan gunjin yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar da Turai, sau 60 a Amurka, don haka matatar sauti mai datse wannan kaɗawar da ninke-ninkenta tana rage shi sosai. Ga fanka kuma, Audacity na bin matakai biyu. Da farko a zaɓo ɗan wurin da babu mai magana, manhajar ta ɗauki samfurin hayaniyar. Daga nan a zaɓi dukan shirin, ta dushe duk abin da ya yi kama da samfurin. Shi ya sa masu aikin ke barin 'yan daƙiƙoƙi na shiru a farkon naɗi. Idan aka matsa ragewar da yawa, muryar sai ta koma kamar daga cikin ruwa ake magana, kuma wannan ya fi ɗan ƙugin fanka gajiyar da kunne.

Hayaniya mai canzawa ita ce mai wuya: hon ɗin babur, kukan yaro, janareton maƙwabci da ke hawa yana sauka, da amsa-kuwwar ɗakin da babu labule. Samfuri ba ya kama waɗannan. Nan ne ake komawa ga iZotope RX, da ke nuna sauti a hoto har a goge tari guda ba tare da taɓa kalmar da ke gefensa ba, ko ga masu aiki da ƙirƙirarriyar basira irin su Auphonic da Adobe Podcast. Waɗannan biyun sai an ɗora musu fayil ta intanet, wato suna cin data. Sukan kuma sauya kamannin murya ko su haɗiye ƙarshen kalma, don haka wajibi ne a saurari sakamakon daga farko har ƙarshe.

Matakin ƙarshe shi ne daidaita ƙarfin sauti da ma'aunin LUFS. Apple Podcasts na ba da shawarar -16, kuma Audacity na da wannan aikin tun 2020. Ana ajiye asalin naɗin a WAV, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, a fitar da kwafin rabawa a MP3.