Waiwaye: dokar gado ta 1704 da rikicin Ingila da Ayalan

Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020 maganar iyakar Ayalan ta Arewa, yankin tsibirin Ayalan da ke cikin Birtaniya, ta ƙi kwanciya. Ƙidayar 2021 ta ƙara wa wutar itace, domin a karon farko waɗanda suka tashi a gidajen Katolika sun fi 'yan Furotesta yawa a yankin, kashi 45.7 da kashi 43.5 cikin ɗari. Masu son haɗewa da Jamhuriyar Ayalan, akasarinsu Katolika, suna kiran a yi ƙuri'ar raba gardama, masu son zama cikin Birtaniya, akasarinsu 'yan Furotesta, suna cewa ba yanzu ba. Daga nesa sai a ɗauka faɗan ɗariƙu biyu na Kirista ne kawai. A ganina gona ce a ƙasan maganar, addini kuwa doka ce ta ɗaura shi a jikin gonar.

Farkon labarin sananne ne. A 1169 mayaƙan Norman suka tsallako daga kudancin Wales suka sauka a gaɓar Wexford ta Ayalan, bisa gayyatar wani sarkin lardin Leinster da aka kora daga mulki. Wales ɗin kanta ta faɗa hannun Ingila bayan kashe Llywelyn ap Gruffudd a 1282, kuma boren Owain Glyndŵr da ya fara a 1400 bai ƙwato ta ba. A Ayalan, daga 1609 aka riƙa zaunar da baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Scotland a filayen Ulster, lardin arewacin tsibirin. Sai boren Katolika na 1641, sai ƙwacen filayensu na shekarun 1650, sai yaƙin Boyne a 1690 da ɓangaren Furotesta ya ci, wanda har yau ake yi wa maci duk ranar 12 ga Yuli. Ƙiyasin masana tarihi ya nuna Katolika na riƙe da kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙasar a 1641. Kafin 1703 sun dawo kashi 14.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda aka bi da wannan ragowar. Yaƙi ya ƙare, ba sauran hujjar ƙwace, sai aka shiga ta ƙofar gado. Dokar 1704 ta hana Bakatolike sayen fili, ta hana shi hayar gona fiye da shekara 31. Idan ya mutu, dole a raba filinsa daidai tsakanin 'ya'yansa maza. Mai karatu zai ce ai rabon gado adalci ne, kuma haka ne, da an yi wa kowa. Amma maƙwabcinsa ɗan Furotesta babban ɗansa ne ke gadon komai, gandun ya zauna cif daga kaka zuwa jika, alhali gidan Bakatolike na ta tsagewa har babban gandu ya koma 'yan feguna.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. In babban ɗa ya koma cocin gwamnati na Furotesta, filin duka ya zama nasa, kuma tun uban na da rai: uban ya koma mai ci har mutuwa, ba shi da ikon sayarwa ko jingina ko wasiyya. Wato an sa wa ɗa lada a kan juya wa mahaifinsa da ƙannensa baya. A 1709 aka ƙara da cewa duk ɗan Furotestan da ya tona wani cinikin fili da Bakatolike ya yi a ɓoye, yana iya neman kotu ta ba shi filin. Wasu gidajen sun tsira da dabara, ko ɗa ɗaya ya sauya coci da baki don ya riƙe wa dangi, ko a rubuta fili da sunan amintaccen maƙwabci. Dubbai daga masu ƙasa sun sauya ɗariƙa a ƙarnin. Talakawa ba su bi su ba, domin ba su da abin da za su tsirar. Nan ne tsagar ta zauna daram: mai gona cocinsa daban, mai noma ta yana biyan haya cocinsa daban.

Wales ta ishe mu ma'auni. Al'adar Welshawa tun asali ita ce raba gado tsakanin 'ya'ya maza, kuma dokokin 1536 da 1543 da suka haɗe su da Ingila sun soke wannan, suka kawo gadon babban ɗa. Manyan gidajen Wales suka tara ƙasa, suka samu kujeru a majalisar Landan, suka zama 'yan gida. An hana harshensu a kotu, ba ƙaramin abu ba ne, amma sun samu Littafi Mai Tsarki da Welshanci a 1588. Tun bayan Glyndŵr Wales ba ta sake yaƙin neman 'yanci ba; gardamarta ta koma kan harshe da makaranta da ikon majalisarta da ke Cardiff.

An soke sashen rabon gadon a 1778, amma ƙasar ta riga ta bar hannu. Lokacin da cuta ta kama dankalin turawa a 1845, miliyoyin 'yan haya ne ke rayuwa a kan ɗan fegi, hatsin da suka noma kuma na biyan haya ne. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wani miliyan 1 ya yi hijira. Gwagwarmayar manoma daga 1879 ce ta kai ga dokar 1903 da ta ba 'yan haya rance su sayi gonakinsu, sannan aka raba tsibirin a 1921.

A gundumomi 6 na arewa da suka zama Ayalan ta Arewa, tsohon ƙullin ya sake fitowa da wata riga. Zaɓen ƙananan hukumomi na masu riƙe da gida ne, nasu ko na haya, da matansu, mai kamfani kuma yana da ƙarin ƙuri'u, don haka rabon gidajen gwamnati ya zama rabon ƙuri'a. Macin birnin Derry na 5 ga Oktoba 1968 gida da ƙuri'a ya nema. An amince a soke sharaɗin riƙe gida a 1969, amma a watan Agustan shekarar sojojin Birtaniya suka shigo titunan Derry da Belfast, kuma kafin yarjejeniyar Belfast ta 1998 an rasa rayuka kimanin 3,500.