Gyaran Haraji da Kwastam: Me Ya Shafi Mutumin Karkara?

Daga kasuwar Maigatari zuwa majalisun dattawa a ƙauyukan Gumel da Ɗambatta, maganar sabon tsarin haraji ta bazu, kuma jita-jita ta fi bayani yawa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me aka canza?

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, biyu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma a ranar 1 ga Janairu, 2026. Sun tattara dokokin da ke warwatse wuri guda, kuma hukumar tattara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. Kwastam kuwa ta sami tata sabuwar dokar tun 2023, sannan ta kawo manhajar B'Odogwu domin shigar da bayanan kaya da biyan kuɗin fito ta intanet.

Shin haraji da jangali ne za su dawo?

A'a. Amma wanda ya yi wannan tambaya bai yi laifi ba, domin dattawanmu ba su manta da zamanin da dagaci da mai unguwa ke bin gida-gida suna karɓar kuɗin kai ba, ko an yi damina mai albarka ko an yi fari, yayin da makiyayi ke ƙaura da shanunsa cikin dare don gudun masu ƙidaya. Marigayi Abubakar Rimi, tsohon gwamnan Kano, ne ya soke su bayan hawansa mulki a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano. Abin da ya sa wancan haraji ya zama zalunci shi ne an ɗora shi a kan mutum da dabbarsa, ba tare da duba abin da ya samu ba. Sabuwar doka kuwa samu take bi: wanda kuɗin shigarsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba a binsa ko kwabo, kuma sai abin da ya ɗara hakan ne ake fara yanka wa haraji. Harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan saye ma yana nan a kashi 7.5 cikin ɗari, kuma bai hau kan abincin yau da kullum irin su gero da dawa ba.

An ce lambar NIN ta zama lambar haraji. Za a riƙa cire kuɗi a asusun banki ke nan?

Gaskiya ne lambar ɗan ƙasa ita ce shaidar mai biyan haraji, amma ajiya daban, riba daban. Dillalin da aka turo wa kuɗin buhu ɗari na riɗi ba duka ne nasa ba. La'adarsa ce samunsa. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da kowane mai saye da sayarwa zai riƙe littafin ciniki, ko da ajami ne, domin wanda ba shi da rubutu ba shi da abin kare kansa ranar da aka nemi bayani.

Ina ruwan manomi da na'urorin kwastam?

Ruwansa babba ne. Riɗi da zoɓorodon da ake nomawa a Jigawa, a tara a Dawanau, ƙasashen waje suke nufa, kuma duk kwanan da kwantena ta ƙara a tashar Legas tana jiran sa hannu, ɗan kasuwa a farashin da zai ba manomi yake fanshewa. Haka ma taki da injin ban-ruwa da ake shigowa da su: jinkiri da na goro duk a kan mai saye suke ƙarewa. Idan aka shigar da takardu ta kwamfuta, aka biya ta banki, an rage haɗuwar jami'i da mai kaya, wadda a nan ne ake yin ciniki a kan haƙƙin gwamnati. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawachiki, wadda aka buɗe a 2023, an yi ta ne don a kammala wannan aiki a Kano. Mutanen Maigatari kuma, waɗanda suka ga yadda kara ta yi sanyi bayan rufe iyaka a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, sun san cewa idan hanyar halal ta toshe, 'yan fasa-ƙwauri ne ke cin kasuwa.

To, me ya sa har yanzu ake tare motar hatsi a hanya?

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin abin da ake karɓa a hannun ɗan karkara, kamar kuɗin rumfa, kuɗin kara da kuɗin lodi, na jiha ne ko na ƙaramar hukuma ko na ƙungiya, wani kuma ba shi da asali a kowace doka. Gyaran Abuja ba zai ɗauke waɗannan shingaye ba sai gwamnatocin Kano da Jigawa sun bayyana abin da doka ta yarda a karɓa, da adadinsa, sun kafe shi da Hausa a ƙofar kowace kasuwa. Kafin nan, duk wanda aka ce ya biya yana da haƙƙin ya tambayi sunan harajin da hukumar da ke karɓa, ya kuma nemi rasit mai ɗauke da adadin da ya bayar.