Buɗaɗɗen ofis

Buɗaɗɗen ofis tsari ne na wurin aiki inda ma'aikata ke zama cikin babban ɗaki guda, babu bangon da ya raba teburin wani da na wani. A Garwa, Marwa da Njamena, inda Faransanci ne harshen takarda, an fi jin mutane na kiran ofis "biro".

Tarihi

Ana yawan kafa misali da ginin kamfanin Larkin a birnin Buffalo na Amurka, wanda Frank Lloyd Wright ya zana, aka kammala wajen 1906. Akawuna na zaune layi-layi, shugabanni na hangensu. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 'yan'uwa biyu, Eberhard da Wolfgang Schnelle, suka fito da wani salo a Jamus: a wargaza layukan, a haɗa tebura rukuni-rukuni gwargwadon wa ke hulɗa da wa, a raba su da tukwanen shuke-shuke.

Robert Propst na kamfanin ƙera kayan ofis na Herman Miller a Amurka ya fitar da kayan ofis masu suna Action Office a 1964, sannan kashi na biyu a 1968. Nufinsa ma'aikaci ya samu sarari da sirri. Kamfanoni kuwa suka ga hanyar cusa mutane da yawa a ƙaramin fili, aka mayar da abin 'yan akwatuna, har shi Propst ya yi tir da hakan daga baya. A 1994 kamfanin talla na Chiat/Day ya gwada hana kowa mallakar tebur. Ma'aikata suka riƙa sammako don kama wuri, tsarin bai ɗore ba.



 

Muhawara

Masu goyon bayan buɗaɗɗen ofis na cewa yana ƙara cuɗanya. Amma binciken Ethan Bernstein da Stephen Turban na 2018 ya samu cewa magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari bayan an cire bango.

A arewacin Kamaru da Cadi

An ƙirƙiro tsarin ne a ƙasashen sanyi, kuma a nan zafi ke fara karya shi. A watan Maris da Afrilu Garwa kan wuce digiri 40. Kowane mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, don haka mutum ashirin da kwamfutocinsu tamkar murhu ne a tsakar ɗaki. Babban ɗaki sai an sanyaya shi duka, ko da mutum uku ne suka zo. Tagogi su fuskanci arewa da kudu. Gilashin da ya kalli yamma yakan gasa ɗakin bayan azahar.

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya. Ga lissafin wutar da kayan ofis ke ci: kwamfutar cinya wat 45 zuwa 65, fankar sama kimanin 70, na'urar sanyaya ɗaki ɗaya kimanin 1000. Ga masu amfani da sola, kuskure ne ajiye baturan cikin ɗaki mai zafi. Batirin dalma kan rasa kusan rabin rayuwarsa da kowane ƙarin digiri 10 sama da 25. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi, tana toshe fankar kwamfuta, don haka ake busa fankar akai-akai kuma ba a ajiye kwamfutar a ƙasa.



Akwai kuma batun baƙi. Wanda ya shigo da sallama zai bi tebur-tebur yana gaisuwa, a tambayi gida da iyali, aikin kowa ya tsaya. Maganinsa tsohon gini ya riga ya sani: zaure a bakin ƙofa, da kujeru da ruwan sha, wanda ake nema ya fito ya same shi. Wurin alwala ma a waje ake yinsa, nesa da wayoyin da ke bin ƙasa.