Sassaƙa Ta Wuce Ƙera Gumaka

A Zariya, da zarar yaro ya ce zai karanta sassaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, sai iyaye su murtuke fuska, wai ƙera gumaka zai koyo. Wannan fahimta ta daɗe, kuma tana sa mu asarar yara masu basira.

Gaskiya ana koyar da siffanta mutum da dabba, kuma wanda ya guje wa hakan saboda addini yana da hujjarsa. Amma fagen ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Dubi El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975. Marafan kwalabe na alminiyam yake tarawa, mataimakansa su baje su, su huda, su ɗinke da wayar jan ƙarfe, har su zama makeken mayafi mai ƙyalli da ke rufe bango sukutum. Ba fuska, ba ido. Abin da ya fi burge ni, ba ya ƙayyade yadda za a rataye aikin, duk inda aka kai shi naɗinsa yakan sauya. A 2015 ya karɓi kyautar Zakin Zinare a baje kolin fasaha na Benis, a Italiya.

Mu ma ba baƙi ba ne. Bakan gizon (wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi) da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya a ƙarni na 19, da zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure, duk sarrafa laka ne da fili da haske. Ɗaliban Samaru yau suna yin irinsa da ƙarfe, siminti da itace.